Daga Ƙusa Zuwa Maɗamki: Waiwaye Kan Rataye Wayar Lantarki a Bukoki

Idan ana ba da tarihin wutar lantarki a birnin Yamai, manyan abubuwa ake lissafawa: kafa kamfanin NIGELEC a 1968, da jawo layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi a 1976 domin a sha wutar madatsar Kainji, da buɗe tashar Gorou Banda mai ƙarfin megawat 80 a 2017, da madatsar Kandaji wadda har yanzu ake dakon kammaluwarta. Duk wannan tarihi yana tsayawa ne a bakin mita, wato na'urar da ke auna wutar da gida ya sha, domin daga nan zuwa ciki hannun kamfani ya fita, al'amari ya koma wuyan mai gida da ma'aikacin da ya ɗauka. A wannan ɗan taƙi, tsakanin mita da kwan fitila, akwai wani tarihin da ba a cika rubutawa ba, shi ne na abin da ke riƙe da waya a jikin bango da ƙarƙashin rufi. Unguwar Bukoki, wadda kasuwar Katako ke jingine da ita, wuri ne da ya dace a bibiyi wannan tarihi, saboda a nan ake sayar da kayan, a nan ake ƙera wasunsu, kuma a nan da yawa daga cikin masu ɗaura su suka koyi sana'a. Abin da waiwayen ke nunawa shi ne, sana'ar ta taso daga riƙon da ido da hannu ke hukuntawa zuwa riƙon da lissafi ke hukuntawa, amma kayan zamani sun riga lissafin isowa.

Waya ba ta da zaɓi, sai jikin ginin da ta tarar, don haka sauyin kayan rataya ya bi sawun sauyin gine-gine ne. Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, tana da mutane kimanin 30,000 lokacin samun 'yancin kai a 1960, amma ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da miliyan ɗaya. Bukoki tana cikin unguwannin da suka karɓi wannan kwarara, inda baƙi daga ƙasar Hausa da ta Zabarmawa suka fara da ɗakunan zana da ciyawa a gefen gari, sannan suka koma ginin laka mai rufin azara, daga baya bulon siminti da kwano suka shigo, har aka kai ga benaye da manyan rumfunan ajiya masu ƙashin ƙarfe. Waɗannan matakai ba su kori juna ba, domin a layi ɗaya ana iya ganin ɗakin laka yana maƙwabtaka da shagon bulo, a bayansu kuma ga wurin walda mai rufin kwano, kuma kowane ɗayansu yana neman irin nasa riƙon.

A zamanin laka da azara, kayan aikin ba su wuce ƙusa da guduma da 'yan guntayen katako ba. Ma'aikaci yakan kafa siririn katako a jikin bango ya ɗora waya a kansa, ko ya bi azara yana lanƙwasa ƙananan ƙusoshi a kan wayar, a wasu gine-ginen hukuma kuma akan ga ƙananan maɗaurai na tangaran waɗanda ke raba waya da jikin gini, tun da tangaran ba ya ɗaukar wuta. Wannan aiki yana da iliminsa, domin gwani ya san cewa azarar giginya tana da tsananin tauri a bayanta har takan lanƙwasa ƙusa, ya san cewa bangon laka yana sakin ƙusa idan ya jiƙa da damina, ya kuma san bangon da gara ke bi. Illarsa kuwa a fili take: ƙusar da aka matsa fiye da kima takan huda rigar robar da ke jikin waya, gara takan cinye katakon ta bar waya tana lilo, ruwan da ya tsatso daga rufi kuma yakan bi ta kanta. Abin da ya rufa wa wancan zamani asiri shi ne ƙarancin kaya, tun da gidan da ke da kwan fitila biyu da rediyo, ko ya ƙara da fanka ɗaya, ba ya jan wutar da za ta ɗumama waya, ba ya kuma buƙatar waya mai kaurin da nauyinta zai zama abin damuwa.

Kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971, ya cika Yamai da gine-ginen siminti a shekarun 1970 da farkon 1980, kuma magina da leburorin da suka yi aiki a manyan ma'aikatu sun komo unguwanni da sababbin dabaru. Aka koyi sassaƙe bango a binne bututun roba kafin a yi yaɓe, sannan a zura waya a ciki, aka koyi lanƙwasa guntun rodi a dasa shi cikin rufin kankare tun yana ɗanye domin a rataye fanka, aka kuma fara sanin toshen bango, wato ɗan abin da ake cusawa a ramin da aka huda domin ya kumbura ya riƙe ƙusa mai zare. John Rawlings ya ƙirƙiro irinsa na farko a Ingila wajen 1911, Artur Fischer na Jamus kuma ya fito da na roba a 1958, amma a Bukoki an daɗe ana maye gurbinsa da fiƙaƙƙen itace, wanda ke riƙewa da kyau ranar da aka kafa shi, sannan ya bushe ya tsuke ya saki bayan rani ɗaya ko biyu. Inda rufin ya kasance na ƙarfe kuwa, hanyoyi uku aka bi, kuma har yau ba a bar su ba: a ɗaure wayar wuta da wayar ɗaurin rodi, ko a huda ƙarfen a zura noti, ko a kira mai walda ya liƙa ƙugiya. Katako, da tarin tsofaffin ƙarafanta da maƙeranta masu narka alminiyom su zuba tukwane, ta sa hanya ta uku ta fi kowace sauƙi, domin babu siffar ƙugiyar da za a zana a ƙasa a kasa samun mai ƙera ta kafin la'asar.

Domin a gane abin da ya sa injiniyoyi ke ƙyamar huda da walda a nan, sai an dubi yadda azarar ƙarfe ke ɗaukar nauyi. Wadda aka fi sani a Nijar ita ce mai suna IPN, wadda bakinta ke da siffar harafin I, wato faffaɗan leɓe a sama, wani a ƙasa, da siririn jiki a tsakiya yana haɗa su. Idan nauyin rufi ya sauka a kanta, leɓen sama yana matsuwa, na ƙasa yana miƙewa, kuma waɗannan leɓɓa biyu su ne ke ɗauke da mafi yawan wahalar, musamman a tsakiyar tazarar da ke tsakanin ginshiƙai. Wanda ya huda leɓen ƙasa ya rage naman ƙarfen a daidai inda ake jansa, ya kuma buɗe wurin da tsaga za ta iya farawa. Walda kuwa tana sauya halin ƙarfe a kewayen inda zafi ya taɓa, tana ƙone fenti ko rufin tutiyar da ke kare shi daga tsatsa, a kan siririn bututun ƙarfe irin na rumfunan kasuwa ma takan ɓula shi, ga tartsatsin da ke zuba a kan hajar da ke ƙasa. Ita kuma wayar ɗauri, duk da arharta, siririya ce mai kaifi, wadda iska da girgizar injuna ke sa ta yi ta goga rigar wayar wuta har ta kai ga jan ƙarfen da ke ciki, sai ƙashin rufin gaba ɗaya ya ɗauki wuta.

Maɗamkin azara amsa ce ga waɗannan matsaloli. Wani ɗan ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki wanda ake zura wa leɓen azara, a ɗaure ƙusarsa mai zare har tsininta ya ciji ƙarfen, sannan a ƙulle da noti na biyu domin kada girgiza ta warware shi. A gindinsa akwai rami mai zare inda ake murɗa sandar rataya, wato doguwar sandar ƙarfe mai zare daga sama har ƙasa, mai kaurin milimita 6 ko 8 ko 10, wadda ake yankewa daidai tsawon da ake so. A ƙarshen sandar ake ɗaura zoben da ke rungume bututu, ko fitila, ko gadon waya, wato dogon faranti mai huji-huji ko na raga da ake shimfiɗa wayoyi masu yawa a kansa. Akwai kuma ƙaramin nau'i na ƙarfe mai tsalle wanda ake bugawa da guduma ya maƙale a leɓen, domin kaya marasa nauyi. Injiniya Henry Lindsay ne ya fara sayar da irin wannan maɗamki a Bradford ta Ingila a 1934, kuma kamfaninsa na Lindapter yana nan har yau, a Amurka kuma Charles Attwood ya fito da kwararon ƙarfe na Unistrut, wanda ake zura noti a cikinsa a tsayar da shi duk inda aka ga dama. Fa'idar dabarar a taƙaice ita ce azara ba ta rasa komai nata ba, ba a kunna wutar walda ba, kuma idan mai shago ya sauya tsarin shagonsa, da sufana kaɗai za a kwance a matsar.

Sai dai babban abin da maɗamki ya zo da shi yana rubuce ne a takardar masana'anta, wato adadin nauyin da aka yarda a rataya masa, wanda aka samo ta hanyar gwaji, aka kuma ajiye shi can ƙasa da nauyin da zai karya shi, sau da yawa da ninki uku zuwa biyar. Da wannan adadi ma'aikaci ke iya haɗa nauyin gado da na wayoyin kowace mita, ya san tazarar da zai bari tsakanin maratayi da maratayi, wadda a yawancin gadajen waya takan kama kusan mita ɗaya da rabi. Ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda makarantun sana'a na ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka daɗe suna koyarwa, ta sa an saba da tazarar santimita 40 ga wayar da ke kwance a jikin bango, da santimita 80 ga bututu mai tauri. Akwai kuma ƙananan sharuɗɗa waɗanda rashin saninsu ke rushe amfanin kayan. Cikin leɓen IPN yana da gangare na kashi 14 cikin ɗari, saboda haka maɗamkin da aka yi domin leɓe mai shimfiɗa ɗaya yana iya zamewa a kansa, sai an zaɓi wanda ya dace ko an ƙara masa ɗamarar da ke kama ɗaya gefen. Ƙusar da aka ɗaure fiye da kima tana wage bakin maɗamkin, wadda ba a ɗaure sosai ba kuma fanka za ta kwance ta sannu a hankali. Gadon ƙarfe kuma dole ne a haɗa shi da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, domin idan wata waya ta fashe a kansa makatsin wuta ya faɗi nan take, kafin mutum ya taɓa.

Zafin Yamai ya sa wannan lissafi ya fi nauyi a nan fiye da ƙasashen da aka rubuta ƙa'idojin. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa, alhali jadawalin da ke faɗin wutar da waya za ta iya ɗauka an gina shi ne a kan iska mai digiri 30, kuma rigar roba ta PVC ba ta jure fiye da digiri 70 na tsawon lokaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce a digiri 40 waya mai irin wannan riga za ta ɗauki kashi 87 cikin ɗari na abin da aka rubuta mata, a digiri 50 kuma kashi 71 kawai. Ke nan wayar da aka manna a jikin kwano, ko aka cure ta da 'yan uwanta goma aka ɗaure tamau, ta yi asarar wani kaso na ƙarfinta tun ba a kunna komai ba, wadda aka sauko da ita a kan sandar rataya aka baza ta a gado mai huji kuwa tana shan iska ta ko'ina. Haka nan zafi yana miƙar da kaya ba daidai da juna ba: azarar ƙarfe mai mita 10 tana ƙaruwa da ƙasa da milimita 4 idan zafi ya hau da digiri 30, bututun PVC mai wannan tsawo kuwa yana ƙaruwa da kusan santimita 2, shi ya sa bututun da aka matse ba a bar masa wurin motsi ba yake kantarewa ko ya fice daga mahaɗinsa.

Mazauna Yamai ba sa buƙatar a yi musu bayanin gobarar kasuwa, domin Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, Ƙaramar Kasuwa kuma ta ƙone a 2012. Ko mene ne ya tayar da gobara, yadda aka rataye waya yana da hannu a abin da ke biyo baya, kuma wannan darasi da rayuka aka saye shi a wasu ƙasashe. A Ingila, bayan mutuwar 'yan kwana-kwana biyu a benen Shirley Towers na Southampton a 2010, inda wayoyin da maɗaurinsu na roba ya narke suka zubo suka sarƙe hanya, an gyara ƙa'idar BS 7671 a 2015 aka hana dogaro da roba kaɗai wajen riƙe waya a hanyoyin fita, a 2018 kuma aka faɗaɗa hukuncin zuwa ko'ina cikin gini. Siririn maɗaurin roba mai haƙora, wanda kamfanin Thomas & Betts ya fito da shi a 1958 kuma ya cika aljihun kowane ma'aikaci a yau, amfaninsa shi ne tsara waya a kan gado, amma bai kamata ya zama shi ke ɗauke da nauyinta ba, balle farinsa wanda rana ke busarwa ya karye. A rumfunan kasuwa masu ƙunƙuntar hanya, wayar da ta faɗo a cikin hayaƙi tarko ce ga mai gudu da mai kawo ɗauki.

Yadda kayan ke isowa Katako shi ma ya sauya. Har zuwa farkon shekarun 1990 kayan wuta na shaguna galibi na Faransa ne, irin su Legrand, masu tsada amma sanannen asali. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ninka farashinsu dare ɗaya, sai 'yan kasuwa suka ƙara karkata zuwa Kano da Legas, daga baya Dubai da Sin, abin da ya sa talaka ya samu kayan da a da sai manyan 'yan kwangila. Wannan alheri ne da ba a musun sa, amma ya zo da gauraye: maɗamki mai hatimi da takarda yana kwance a faranti ɗaya da wani mai kama da shi wanda aka zuba da gautsin ƙarfe, ba suna, ba adadi, rufin tutiyarsa kuma ba ya kai damina biyu. Ga kuma gamuwar tsari biyu, domin Nijeriya ta gāji na Ingila mai soket na ƙafa uku masu kusurwa, Nijar ta gāji na Faransa mai ƙafa zagayayyu, ma'aikacin da ya yi koyo a Maraɗi ko Katsina kuwa yakan haɗu da duka biyun a gini ɗaya. Rufe iyakar Benin a 2023, wanda ya karkatar da kaya daga hanyar Kwatano da Gaya zuwa doguwar hanyar Lome, ya ƙara tsadar na kirki, ya ƙara wa na jabu kasuwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan fage kuwa abin da arahar ke ci shi ne amincin da ke saman kawunan mutane.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun hanzarta sauyin. Gine-ginen da aka yi domin taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na Yulin 2019, kamar sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da cibiyar taro ta Mahatma Gandhi, sun sa matasan ma'aikata da dama sun yi aiki da zane a hannu, sun ga gadajen waya a jere bisa sandunan rataya, sun kuma komo da wannan ido cikin unguwa. Sannan yanke wutar da Nijeriya ta yi a Agustan 2023, lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa, ya tura masu shaguna da gidaje ga janareta da farantan hasken rana, waɗanda su ma da ƙananan maɗamkai ake kama su a kan dogayen sandunan alminiyom. A nan tambayar ta juya, domin farantin da ke kan rufi ba faɗowa kaɗai ake ji masa ba, har da guguwar farkon damina wadda ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi sama, kuma ƙugiyar da aka yi domin jan ƙasa ba lalle ta tsaya wa jan sama ba.

Tsohon maigida da ya koyar da yaransa da ƙusa da wayar ɗauri ba jahili ba ne, domin ya san halin laka da itace da ƙarfen da ke gabansa, kuma sunansa ne jinginar aikinsa, tun da a unguwa ɗaya yake sallah da waɗanda ya yi wa aiki. Iliminsa ya isa ga nauyin zamaninsa, amma shagon yau mai firji uku da na'urar sanyaya ɗaki, ko wurin niƙa mai manyan injuna, ya wuce abin da jijjiga ƙugiya da hannu zai tabbatar. Yaron da ya gāje shi yana riƙe da kaya mafi kyau, sai dai idan bai iya karanta adadin da ke jikinsu ba, ko kayan ba su da adadin ma, to ya rabu da tabbacin hannu bai kai ga tabbacin lissafi ba, kuma wannan tsaka-tsakin ya fi kowane ɓangare haɗari.

Gyaran yana kusa, domin maɗamki da zobe da sandar rataya ba su fi ƙarfin maƙeran Katako ba, waɗanda ke ƙera abubuwan da suka fi su wuya kullum. Abin da ya rage shi ne a daidaita siffa da kaurin ƙarfe, a kai samfuri ɗakin gwaji irin na makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai a ja shi har ya karye, a raba adadin da ninkin kariya, a buga sakamakon a jikin kowane ɗaya tare da alamar maƙerinsa. Cibiyoyin koyar da sana'a kuma su ɗauki darasin rataya da muhimmancin da suke bai wa darasin haɗa waya, su buɗe ƙofa ga yaran da ke koyo a hannun iyayen gidansu, a koyar da su da Hausa da Zabarmanci yadda ake lissafin nauyi da tazara da zafi. Mai gini shi ma yana da nasa rabon, wato ya nemi a nuna masa abin da ke riƙe da wayarsa kafin a rufe silin, ya kuma yarda ya biya kuɗinsa. Idan waɗannan uku suka haɗu, Bukoki za ta iya wadata Yamai da kayan rataya na gida waɗanda aka san iyakar ƙarfinsu, a farashin da mai ƙaramin shago zai iya biya.